Kawuna da ya ba sauro ƙwaurinsa

Ranar Talatar da ta wuce wasu samari uku da budurwa ɗaya suka sauka a ƙofar gidan mai unguwarmu, kowa da jaka a kafaɗa da wayar nan mai faɗi a hannu. Suka ce bincike suke yi a kan zazzaɓin yara. Gida-gida suka bi suna tambaya: mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya, akwai gidan sauro ko babu, yaushe rabon yaro da zazzaɓi. In sun gama sai su nemi izini su ɗan soki yatsan yaron. Da suka iso gidanmu, Gwaggo ta tattara jikokinta a bayanta kamar kaza ta hango shaho, ta dubi budurwar ta ce, "'Yar nan, jinin nan wa za ku kai wa? In kuma kun gano abin da kuke nema, wa zai dawo ya gaya mini?" Tambayar farko yarinyar ta amsa ta tsaf, cikin ladabi. Ta biyun kuwa sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai.

Bayan sallar isha'i majalisarmu ta dare gida biyu. 'Yan boko suka ce duhun kai ne irin na tsofaffi. Sauran suka ce Gwaggo ta yi daidai, ai dama mutanen nan ba abin yarda ba ne. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu ba su saurare ta ba. Matar nan ba ta ce kada a yi bincike ba. Sakamako ta tambaya, kuma ban san wata tambaya da ta fi wannan dacewa da mai ilimi ba.

Abin ya tuna mini da Kawuna, Allah ya jiƙansa.

Ga waɗanda ba su sani ba, ƙasar Garki ta nan Jigawa (ba Garkin Abuja ba, don na san wasu can hankalinsu zai tafi) sunanta sananne ne a wajen masu nazarin zazzaɓin cizon sauro a duniya. Daga 1969 zuwa 1976, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da wani gagarumin bincike a ƙauyukanmu. Tambayarsu ɗaya ce: in aka haɗa feshin ɗakuna da raba magani ga kowa da kowa, za a iya katse yaɗuwar maleriya a irin wannan ƙasa tamu?

Kawu yana saurayi aka ɗauke shi aikin kama sauro. Yadda ya sha ba mu labari, da magariba zai zauna a kan ɗan benci, ya naɗe wando har gwiwa, tocila a hannu ɗaya, wani bututu a baki. Sauro na sauka a ƙwaurinsa sai ya haska, ya zuƙe shi cikin bututun, ya juye a ɗan kofi mai rufi. Na kowace awa da kofinsa daban, na cikin ɗaki daban, na waje daban. Da safe kuma a shimfiɗa fararen yadudduka a ɗakunan mutane, a rufe ƙofa, a yi feshi, a tsince gawarwakin sauro ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Mu mun saba jin a feɗe biri har wutsiya, su waɗannan sauro suke feɗewa a ƙarƙashin madubin likita don su ga ko yana ɗauke da ƙwayar cutar. Duk bayan mako goma kuma a bi mutanen wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka a ɗigi jininsu a kan gilashi. Abokan Kawu suka laƙaba masa Sarkin Sauro, suna cewa Nasara ya rasa aikin yi, ya koma ƙirgen ƙwari.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, an yi feshi a ƙauyuka fiye da 160 a daminar 1972 da ta 1973, wasu an haɗa musu da magani, amma da gangan aka bar wasu ƙauyukan ba feshi ana kuma ci gaba da auna su. Kawu har ya bar duniya yana ganin son kai ne aka yi. Alhali kowane manomi ya san dalilin, in aka faɗa masa da harshen gona. In aka kawo maka sabon taki ka barbaɗa wa gonarka gaba ɗaya, kaka ta yi kyau, yaya za ka san takin ne ko kuwa damina ce ta yi albarka? Sai dai ka bar kunya biyar ko goma ba ka sa musu ba, ka gwada da sauran. Ginshiƙin gwaji ke nan. Bambancin kawai, ɗan Adam ba gero ba ne, shi ya sa dole a yi masa bayani ya amince, kuma kada a hana marar lafiya maganin da aka riga aka san yana aiki.

To me aka gano? A ƙauyukan da aka haɗa feshi da magani, ƙwayar cutar ta ragu ƙwarai a jinin mutane, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma yaɗuwar ba ta yanke ba, kuma da aka dakata sai zazzaɓin ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauronmu ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake ficewa, don haka feshin bango ba ya cim masa. Masu binciken suka rubuta ƙarara cewa da waɗannan dabarun abin bai yiwu ba. A 1980 aka buga rahoton cikin littafi guda, kuma har yau masu lissafin yadda cutar ke yaɗuwa suna komawa ga alƙaluman Garki.

Wannan "bai yiwu ba" ɗin shi ya sa na fara girmama bincike. Ku je kasuwar ƙauye ranar da take ci ku saurari mai lasifika a kan mota: kwalba ɗaya tana maganin basir, da sanyi, da shawara, da taifot, da raunin mazakuta. Kun taɓa jin ya ce "na gwada a kan mutum ɗari, bai yi wa saba'in aiki ba"? Mutanen da suka kashe shekara bakwai da maƙudan kuɗi, sannan suka fito suka ce burinmu bai cika ba, ga kuma dalili, sun fi shi cancantar a saurare su.

A jinin da aka ɗiba a Garki an duba har da sikila. An samu kimanin jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da SS, wato cikakkiyar sikila da aka gada daga uwa da uba, amma a cikin manya da ƙyar ake cin karo da mai ita. Ina suka tafi? Kowa ya san amsar, suna maƙabartar bayan gari. Tun da na ji wannan nake tunanin matan da ake ce wa suna wabi, a yi ta sa wa 'ya'yansu sunaye irin su Ajuji da Ayashe don mutuwa ta ƙyale su. Ban ce duk wabi sikila ce ba, amma raina yana ba ni da yawansu ita ce da zazzaɓi. Wani abin mamaki kuma, mai AS (wanda ya gaji jinin sikila daga ɓangare ɗaya kawai) ya fi mai AA (wanda bai gada ba sam) tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro yana yaro, abin da wani likita Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka tun 1954. Shi ya sa jinin ya yawaita a ƙasashen da sauro ya daɗe yana kisa. Ashe tarihin gwagwarmayar kakanninmu da sauro a rubuce yake a jikinmu. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin ba ya tuna cikin baya, ana iya jera uku. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma ina tabbatar muku dattijon da aka zaunar aka yi wa wannan bayanin ba ya buƙatar doka.

Masu cewa kada a yarda da kowa, ban ce ba ku da hujja ba. Ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 har zuwa tsakiyar 2004, wannan tabon yana cikin abin da ya sa mutane suka yarda da jita-jita. Sai dai wa ya biya kuɗin gudun? Yaranmu ne suka shanye, kuma cutar ta tsallaka ƙasashe har Indonesiya.

Wani zai ce, yaya aka san tamu ce ta je can? A nan ne aikin ya yi kama da abin da malamanmu na hadisi suka daɗe suna yi. Ƙwayar cuta tana da salsala. Duk sa'ad da take hayayyafa tana samun 'yan canje-canje a ƙwayoyin gadonta, masana kuma suna karanta su su jera wace ta fito daga wace, kamar yadda ake bin isnadi daga mai ruwaya zuwa mai ruwaya. Mutanen da suka gaji ilimin da ke tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma amintacce ne, bai kamata bincike ya zame musu baƙo ba. Abin kunya ne a ce mu ne kuma ke tura muryar WhatsApp ta wani da ba mu san ko sunansa ba.

Haka abin yake a tarihi. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako. Bai fasa shi ya yi itacen girki ba, sai ya kai rahoto. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi: kwalekwale ne mai tsawon sama da mita 8. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da rabi a kowace shekara 5,730 bayan mutuwarsa, don haka in an auna abin da ya saura sai a ƙiyasta shekaru. Ɗakunan gwaji biyu daban-daban a Jamus suka auna, duka suka nuna kimanin shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi tsufa. Mu ma nan Jigawa muna da zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, Dutsen Mesa da Dutsen Habude, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulaninmu ke kiwo yau ba. Ɗalibai nawa ne a makarantunmu aka taɓa kai su su gani?

Yanzu bari in faɗi inda nawa laifin yake. Na san da zancen littafin Garki tun Kawu yana da rai. Wani abokina da ya karanci kiwon lafiyar al'umma ne ya nuna mini shi a kwamfutarsa, na yi ta jujjuya shafuka ina ganin sunayen ƙauyukan da na sani, irin su Sugungum, a tsakiyar jadawalin lissafi. Na ce in na je gida hutu zan zauna in warware wa Kawu. Hutu ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Mutumin da ya ba sauro ƙwaurinsa dare bayan dare ya koma ga Mahaliccinsa yana zaton aikin banza ya yi don 'yan sulalla. Rahoton da Turanci yake, shi kuma Kawu ajami kawai ya iya. Wa ya kamata ya tsaya a tsakani in ba ni da aka sayar da tumaki aka kai makaranta ba? Mu 'yan boko mun iya ce wa iyayenmu jahilai in sun ƙi allura, amma ba mu iya ɓata awa ɗaya a kan tabarma mu fassara musu abin da muka karanta ba.

Masu zuwa da jakunkuna su ma da nasu. In kun san hanyar gidan mai unguwa ranar ɗibar jini, ku san ta ranar da sakamako ya fito. Ba takarda muke nema ba. A tara mutane a gindin bishiya bayan la'asar, a ce ga yawan yaran da muka gwada, ga waɗanda aka samu da cutar, ga unguwar da ta fi, ga abin da muke zargi.

Jiya Juma'a na ɗauki kujera 'yar tsugunno na zauna kusa da Gwaggo tana tsince wake, na ba ta labarin Garki tun daga bututun Kawu har zuwa sauron da ke tserewa waje. Ba ta ɗago ba sai da na kai nan. Ta ce, "To, ai mu da zafi a tsakar gida muke kwana, da sun tambaye mu tun farko." Na ce mata sun lura da hakan, shi ya sa Kawu yake da kofin waje daban. Ta yi shiru, ta ce Allah ya jiƙan Sarkin Sauro, ashe da ma'ana.

Ta ce in kira yarinyar nan ta dawo ta gwada yaran. Na kira shugaban tawagar, ya ce za su biyo ranar Litinin, sakamakon garin gaba ɗaya kuma sai nan da wata shida. Gwaggo ta sa babban jikanta ya ɗauko gawayi ya rubuta watan a bangon zaure, daidai inda take rataye faifanta.