Ba rashin iya burga ke cinye kuɗin sabon ɗan poka ba

A Garwa ta Kamaru, samari da ke buga poka, wasan karta na kuɗi, a waya da sefa 500 ko 1,000 sukan ce abin da ke kayar da su shi ne ba su iya burga ba, wato nuna kana da babbar karta alhali hannunka wayam. Sun juya zancen. A ƙaramin teburi, wato inda ake sa kuɗi kaɗan, mutane ba sa tsorata. Wanda ya sa kuɗin shayi zai bi ka har ƙarshe don kawai ya ga kartarka, to wa za ka yi wa burgar?

Ramin yana can farko, wajen shiga kowane zagaye. A nau'in poka da ake kira Texas Hold'em karta biyu ake ba ka, kuma idan ba iri ɗaya ba ne, sau ɗaya cikin uku kacal ɗayarsu ke samun 'yar'uwa a karta ukun farko da ake buɗe wa kowa a tsakiyar teburi. Sauran sau biyun ka biya kuɗin kallo ne. Shi ya sa gogaggu ke ajiye mafi yawan abin da aka raba musu, su jira, musamman idan su ne za su fara magana. In karta mai kyau ta zo, sai su ƙara kuɗi, tunda akwai masu biya.

Ga kuma la'adar da mai dandali ke yanka daga kuɗin da 'yan wasa suka tara a tsakiya, wadda ta fi ciwo a ƙaramin teburi. Sannan ko as biyu, wato kartar farawa mafi ƙarfi, da ke zuwa sau ɗaya cikin 221, tana faɗuwa wajen kashi 15 cikin 100 a gaban mutum ɗaya. Malamai dai sun faɗa, caca ce, ko ta sefa 100 ce.