Kafin a ƙara injin ƙanƙara, a fara duba igiya da birki

Duk shekara, idan hunturu ya ƙarato a Turai, masu wuraren wasan zamiyar ƙanƙara na tsaunukan Alfs sukan shiga gasar tallar abin da suka ƙara: wannan ya kafa sabuwar motar igiya mai kwasar dubban mutane a cikin awa ɗaya, wancan ya jera sababbin injinan fesa dusar ƙanƙara, wani kuma ya faɗaɗa gangarensa har ya haɗe da na ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi. Sana'ar kuwa a kan abubuwa uku take tsaye, wato gangaren da ake zamewa a kai, da abin hawan da ke kai mutum saman dutse, da ita kanta ƙanƙarar. Ra'ayina shi ne an juya tsarin kashe kuɗin baibai. Abin da ake ta zuba wa kuɗi a yau, wato ƙanƙarar inji, shi ne ya kamata ya zo daga ƙarshe, kuma akwai wuraren da bai kamata a zuba musu ko sisi a kansa ba.

Abin hawa shi ne na farko, domin a nan ne ran mutum ke rataye a zahiri. Tun 1936, lokacin da aka kafa kujerun igiya na farko a Sun Valley ta Amurka bisa dabarar wani injiniyan kamfanin jirgin ƙasa mai suna James Curran, fasahar ta ci gaba ƙwarai, kuma idan aka yi la'akari da yawan mutanen da take ɗauka haɗarinta kaɗan ne. Sai dai duk wanda ya bi diddigin manyan haɗurran da suka faru zai ga cewa ba tsufan inji ne ya fi kashe mutane ba, sakaci ne da son kauce wa asarar kuɗin yini guda. A ranar 23 ga Mayu, 2021, igiyar da ke jan motar da ke hawa dutsen Mottarone a arewacin Italiya ta tsinke, motar ta koma baya a guje ta faɗo, mutum 14 suka mutu, yaro ɗaya kaɗai ya tsira. Akwai birkin gaggawa wanda aka yi shi musamman domin irin wannan rana, amma masu bincike sun tarar an saƙala masa wani ƙarfe da ya hana shi kamawa, saboda yana yawan tsayar da motar, wurin kuma bai daɗe da sake buɗewa ba bayan kullen korona. Ƙarfen da bai fi a riƙe shi a hannu ɗaya ba shi ne ya raba mutanen nan da iyalansu.

Haka abin yake a Kaprun ta Ostiriya a ranar 11 ga Nuwamba, 2000, inda gobara ta tashi a jirgin da ke hawa dutse ta cikin rami, mutum 155 suka rasu. Wutar ta samo asali ne daga wani ɗan injin ɗumama ɗaki da aka sanya a cikin jirgin alhali ba don abin hawa aka ƙera shi ba, kuma mutum 12 da suka tsira su ne waɗanda suka gangara ƙasa, ba su bi hayaƙin zuwa sama ba. A Gudauri ta ƙasar Jojiya ma, a watan Maris na 2018, kujerun igiya sun juya da baya da gudu suna watsar da mutane, ko da yake a can Allah ya taƙaita, raunuka aka samu.

Saboda haka gyaran da ya fi muhimmanci a ɓangaren abin hawa ba ya fitowa a hoton talla. Ya ƙunshi a bar binciken igiya da birki a hannun hukumar da ba ta cin abinci daga mai wurin, a riƙa rubuta kowace matsala a littafin da ba a iya gogewa, a riƙa gwada sauko da mutane daga kujerun da suka maƙale kafin a buɗe wa baƙi. Abin da na fi ba wa nauyi shi ne ma'aikacin da ke tsaye a gindin igiya ya san cewa yana da ikon tsayar da ita idan ya ji ƙarar da bai gane ba, kuma ba zai rasa aikinsa a kan haka ba ko da ranar ta fi kowace cika. Idan an gama da wannan, to babu laifi a cire tsofaffin igiyoyi biyu ko uku a maye gurbinsu da guda ɗaya mai jure iska, domin hakan yana rage turakun ƙarfe a jikin dutse, yana kuma rage wutar da ake sha.

Sabon abin hawa mai sauri kuma yakan haifar da matsalar da ba a cika lissafawa da ita ba. Layin da ya ɓace a gindin dutse bai tafi ko'ina ba, ya koma kan gangare ne, inda mutanen da a da suke tsaye suna jira yanzu duk suke zamewa a lokaci guda a kan hanyar da faɗinta bai ƙaru ba. A mahaɗar hanyoyi, inda gwani mai gudu ke haɗuwa da ɗan koyo mai rarrafe, a nan ake karo. Wanda zai ninka yawan mutanen da yake kaiwa sama ya wajaba ya fara auna abin da gangaren zai iya ɗauka, ya buɗe kwanar da ke ɓoye mai tahowa, ya ware wa 'yan koyo hanyarsu daban, ya kuma sa iyakar hanya ta fito sarai yadda ko a cikin hazo mutum zai san ya fita daga inda aka gyara. Haɗarin da ya sami shahararren direban tseren mota Michael Schumacher a Méribel ta Faransa a watan Disamba na 2013 ya faru ne a wani ɗan fili da ba a gyara ba tsakanin hanyoyi biyu, inda duwatsu ke kwance ƙarƙashin ƙanƙara. Italiya ta yi daidai da ta wajabta inshora ga duk mai zamiya, da hular kwano ga waɗanda ba su kai shekara 18 ba, a farkon 2022.

Mafi yawan aikin gangare ma da bazara ake yinsa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Gangaren da aka tsince duwatsunsa, aka yi masa magudanar ruwa, aka shuka masa ciyawar da ta saba da wurin, ƙanƙara kaɗan ta ishe shi a buɗe shi, alhali mai tsakuwa da ramuka sai an tara masa mai kauri kafin ya rufu. Wannan aiki ne mai araha wanda ke rage bukatar inji kai tsaye. Amma yana da iyaka, kuma an wuce ta a 2023 lokacin da aka ga motocin haƙa suna aiki a kan daskararriyar ƙanƙarar Theodul da ke saman Zermatt a Suwizalan domin shirya hanyar gasar duniya, gasar da a ƙarshe rashin kyawun yanayi ya hana a yi ta a wannan shekarar.

Sai batun ƙanƙarar inji, wadda ita ce asalin muhawarar. Yadda ake yinta ba wani sirri ba ne: ana tura ruwa da iska mai ƙarfi ta ƙananan ƙofofi, ruwan ya fita kamar feshi, ya daskare kafin ya sauka ƙasa. Sharaɗin shi ne iska ta yi sanyi, wajen digiri 2 ƙasa da sifili ko abin da ya fi haka sanyi, kuma idan iskar a bushe take aikin ya fi kyau. Abin da ke sauka ƙananan ƙwayoyi ne masu nauyi, sun fi ta sama tauri, sun fi ta jure rana, amma kuma faɗuwa a kansu ta fi ciwo. Ana bukatar ruwa kimanin lita miliyan 1 domin a shimfiɗa wa hekta ɗaya kaurin santimita 30, kuma wannan shimfiɗar farko ce kawai. A yau kimanin kashi 90 cikin 100 na gangarorin Italiya sun dogara da inji, na Ostiriya wajen kashi 70, na Suwizalan wajen rabi, na Faransa kusan kashi 40. Gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Bejin a 2022 kusan gaba ɗaya a kan ƙanƙarar inji aka yi ta.

Ba na cikin masu cewa a haramta ta. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Climate Change a 2023, wanda ya duba wurare 2,234 a ƙasashen Turai 28, ya nuna cewa idan zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, kashi 53 cikin 100 na wuraren za su shiga babban haɗarin ƙarancin ƙanƙara idan babu inji, amma idan inji ya rufe rabin gangarorinsu adadin zai sauka zuwa kashi 27. Wannan taimako ne na gaske ga ƙauyukan da abincinsu na shekara ke fitowa daga watanni huɗu. Sai dai binciken nan ɗin ya nuna cewa a digiri 4, ko da injin, kashi 71 ne za su kasance cikin haɗarin. Inji ba ya ƙirƙirar sanyi, jiransa yake yi, kuma tsaunukan Alfs sun riga sun ɗumama da kimanin digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19. Wurin da yake ƙasa-ƙasa yana iya mallakar injina ɗari amma ya kwana yana kallonsu domin daren bai yi sanyin da za a kunna su ba.

Ga kuma ruwa. Masu wuraren sukan ce ruwan aro suke yi, tunda ƙanƙarar za ta narke ta koma rafi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba cikakkiya ba, domin wani kaso yana bin iska, kuma ana ɗebe ruwan ne a lokacin da rafukan dutse suka fi ƙafewa, a mayar da shi lokacin da ba a rasa shi ba. Duk manomin rani da ke ƙasa da madatsa ya san cewa lokacin da aka saki ruwa ya kai yawansa muhimmanci. A La Clusaz ta Faransa an shirya haƙa tafki mai ɗaukar lita miliyan 148 a tudun Beauregard, masu kare muhalli suka tare a dajin, kuma a watan Oktoba na 2022 kotu a Grenoble ta dakatar da aikin. Mafi muni a ganina shi ne abin da aka yi a Luchon-Superbagnères ta Faransa a watan Fabrairu na 2020, inda aka yi jigilar ƙanƙara kimanin tan 50 da jirgi mai saukar ungulu domin a rufe gangaren da ya tsiraita.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan hankali, kuma an riga an gwada su. Motocin da ke daɓe ƙanƙara da dare yanzu suna iya ɗaukar na'urar da ke auna kaurinta a ƙarƙashinsu ta hanyar tauraron ɗan Adam, direba yana gani a allonsa inda ta yi yawa da inda ta yi ƙaranci, sai ya tura daga nan zuwa can maimakon a sake kunna inji. A Davos ta Suwizalan, tun 2008 ake tara ƙanƙara a ƙarshen hunturu a lulluɓe ta da garin katako, ta kwana bazara, mafi yawanta ya tsira a shimfiɗa shi da kaka, kuma Ruka da Levi a Finlan suna adana tasu ta irin wannan dabara. Amfaninta shi ne ana yin ƙanƙarar a tsakiyar sanyi lokacin da inji ya fi ba da yawa da ƙarancin wuta, ba a watan Nuwamba mai ɗumi ba. Ya kamata kuma kowane wuri ya zaɓi hanyoyi kaɗan masu fuskantar arewa ya tabbatar da su, ya bar sauran ga abin da sama ta kawo, ya kuma bayyana wa jama'ar kwarin yawan ruwan da ya ɗiba a kowace shekara.

Waɗanda suka fi ba ni sha'awa su ne mutanen Métabief a tsaunukan Jura na Faransa. Bayan sun duba hasashen yanayi na wurinsu, sun yarda cewa zamiyar gangare za ta ƙare musu tsakanin 2030 da 2035, sai suka fasa sayen sababbin igiyoyi, suka mayar da hankali ga kula da tsofaffin yadda za su kai wannan lokaci lafiya, suna karkata kuɗin zuwa keken dutse da yawon ƙafa da sauran abin da baƙo zai zo dominsa da bazara. Ba shawara ce mai daɗi ba ga mai otal ko mai ba da hayar kayan zamiya, kuma babu wanda zai ce kuɗin bazara ya kai na hunturu. Amma ta ba su shekaru na shiri, abin da mutanen La Sambuy kusa da Annecy ta Faransa, inda aka rufe wurin zamiyar a 2023, ba su samu kamar haka ba. Kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta faɗa a rahotonta na Fabrairu 2024 cewa tsarin tattalin arzikin waɗannan wurare ya fara gajiya, kuma kaɗan ne daga cikinsu za su iya sa ran ci gaba da aiki bayan 2050.

Da yake kuɗin jama'a ne ke tallafa wa yawancin waɗannan ayyuka, hukumomin larduna suna da abin da za su riƙe. Kada a ba da tallafin tafki ko na inji sai mai nema ya kawo hasashen sanyin wurinsa na tsawon shekarun da zai ɗauka yana biyan bashin, wanda ga igiya yakan kai shekara 20 ko fiye. Dokar tsaunuka ta Faransa ta 2016 ta ɗora wa masu kafa sababbin igiyoyi nauyin cire su idan sun daina aiki, amma ƙasar tana da wurare fiye da 180 da aka riga aka rufe, kuma a wasunsu turakun ƙarfe na nan tsaye suna tsatsa a makiyayar shanu. Ya dace a tilasta wa kowane wuri ya riƙa ware kuɗin cirewar a asusu na daban tun yana samun ciniki, domin ranar da zai rufe ba shi da abin biya, ƙauyen ne zai gaji ƙarafan.