Kuɗin aro na kwana 28 ba shiri ba ne

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake, kuma tunda maganar ta fita daga gurup ɗin gida har wasu suna biyo ni ta bayan fage wai ina yi wa ɗan yayata baƙin ciki, to bari in faɗa a nan kowa ya ji. Abin da aka yi ganganci ne. A ari kuɗi a hannun ɗan kasuwa a zuba a akawun ɗin yaro su kwana 28, a ciro sitatimen a miƙa wa masu biza, biza na fitowa a mayar wa mai kuɗi kuɗinsa har da ɗan abin da aka yi yarjejeniya a kai, sannan a yanka rago a tara dangi walima wai yaro zai tafi Ingila digiri na biyu a watan Satumba. Da me zai zauna? Sau uku ina tambaya, amsa ɗaya ake ba ni, wai ejan ya ce yana sauka zai samu aiki.

Shi ejan ɗin ai ya karɓi kasonsa ya ƙara gaba, ranar da makaranta za ta turo saƙo tana neman cikon kuɗinta ko wayarku ba zai ɗaga ba.

Ku zo mu yi lissafi dan Allah, lissafin da ya kamata a yi kafin a sayi ragon. Ɗalibi a Ingila awa 20 kacal doka ta yarje masa ya yi aiki a sati idan ana karatu. Mafi ƙarancin albashin da aka sa a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ga wanda ya kai shekara 21, kenan idan ya dace ya samu aikin, kuma aka ba shi awa 20 ɗin cif kowane sati ba fashi, abin da zai haɗa a wata bai wuce fam dubu da 'yan kai ba. Ita kuma gwamnatinsu da kanta a farkon 2025 cewa ta yi ɗalibin da ke wajen Landan ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara, jimilla 10,224, kuɗin haya da ci da sha da mota kawai. Kun gani? Aikin nan da kuke ta jinginar da rayuwar yaro a kansa da ƙyar zai biya masa ɗaki ya ci abinci. To cikon kuɗin makaranta da aka biya dipozit kawai aka bar dubban fam a baya, daga ina? Ban ma shiga kuɗin biza da kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara da gwajin tarin fuka da tikitin jirgi ba, waɗannan an riga an sayar da fili an biya, filin ya tafi kenan.

Kuɗin da suka ce a nuna ɗin nan ba don ado suka ce ba, kuɗin da yaro zai rayu da su ne. Idan na aro ne, to yaro ba shi da komai, takarda kawai yake da ita. Takarda kuma ba ta biyan haya.

Kawu ya ce min ai 'ya'yan wane da wane haka suka tafi ga su can suna turo da kuɗi. Kawu da girmanka, waɗanda suka dace kake gani, su ne ke ɗora hoto cikin dusar ƙanƙara. Wanda ya maƙale ba ya hoto. Kuma yawancin waɗanda kake lissafowa sun tafi ne lokacin da dala a banki ba ta kai naira 500 ba, lokacin da ake cike Form A, takardar neman canji a banki, a samu kuɗin waje a farashin gwamnati, lokacin da mai digiri na biyu zai iya tafiya da matarsa ita ta yi cikakken aiki shi yana karatu. Tun Janairun 2024 aka rufe wannan ƙofar ta tafiya da iyali ga masu kwas ɗin shekara ɗaya. Dala kuwa bayan an saki naira a Yunin 2023 kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mun manta abin da ya samu ɗalibanmu a jami'ar Teesside ta Ingila a 2024? Naira ta faɗi, kuɗin da suka tanada ya narke, suka kasa biyan cikon a kan lokaci, aka toshe musu karatu aka kai sunayen wasu hukumar shige da fice har aka ba su wa'adin barin ƙasar. Su fa da kuɗinsu na gaske suka tafi canji ne ya ci su. Ina ga wanda tun farko nasa na aro ne?

Masu ce min ina tawakkalinka kuwa, ba ni da doguwar magana da ku. An ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, ku nuna min igiyar.

Ni yaron nan a gabana ya tashi, ni na riƙa kai shi islamiyya a kan mashin, ranar da admishin ɗinsa ya fito ni ya fara kira kafin mahaifiyarsa. Babu wanda ya fi ni son ya tafi. Amma na san halinsa, yaro ne mai zurfin ciki, ko yunwa za ta kashe shi ba zai buɗe baki ya ce wa Yaya ba shi da shi ba, balle ya san an sayar da fili saboda shi. Abin da ke hana ni barci kenan. Watan Disamba, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, sanyi, ba ɗan uwa ba aboki, ga saƙon makaranta ga mai gida yana jiran haya, sai wani ya zo ya ce masa akwai aikin dare a hannu ake biya ba a rubuta awa. Ya karɓa ya karya dokar biza, ya ƙi karɓa ya rasa ɗaki. Wani abokina da muka yi jami'a tare ya taɓa kirana ƙarfe biyun dare daga can, babban mutum mai 'ya'ya, yana kuka yana roƙona kar in faɗa wa kowa. Har yau ina jin muryarsa.

Kuma ba cewa na yi a fasa ba, wannan ƙarya ce ake min. Cewa na yi a rubuta wa makarantar a nemi ɗaga admishin zuwa baɗi, a tara kuɗin gaske, shi kuma ya zauna ya nemi tallafin karatu, ga na Commonwealth, ga na Turkiyya da ake buɗewa a Janairu, ga Chevening na gwamnatin Birtaniya idan ya cika shekara biyu yana aiki. Wani ya ce to a juya Jamus tunda can babu kuɗin makaranta. Can ma sai ka kulle yuro 11,904 a wani akawun na musamman da wata-wata kawai ake sakin maka, ba a ara a mayar. Duk inda ka juya maganar ɗaya ce, ina kuɗin zaman shekara? Shekara ɗaya ta jira ba za ta kashe shi ba, 24 gare shi.

Sannan tunda na ga Hajiya ta riga ta aika an yo kilishi da dambun nama cike da bokiti, dan Allah wani ya faɗa mata ba a shiga Ingila da nama daga nan, ko busasshe ne, a filin jirgi za a karɓe a zubar. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji su ne abin ɗaurewa. Rigar sanyi kuma kar wanda ya bari a sayo masa sabuwa a kanti, ku shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo ku ɗaga mai nauyi mai hula, ku duba zif ɗin da kyau kafin ku biya.