Karen Gidanka Amana Ne, Ba Juji Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan an watse daga wani taron suna a unguwarmu, na ga an tattaro ragowar dafa-duka da yankakkiyar albasar da aka ci tsire da ita, an juye wa karen gadi. Mai gidan har cewa yake yi yau kare ya yi Sallah. Wallahi raina ya ɓaci.

Bayin Allah, albasa guba ce ga kare. Haka tafarnuwa, haka lawashi, haka gabu, haka doguwar albasar nan mai faɗin ganye da ake kira lik. Duk dangi ɗaya ne. Akwai sinadari a cikinsu da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare har jininsa ya ƙare. Dafawa ba ta kashe shi, soyawa ba ta kashe shi, busarwa ma ƙara masa ƙarfi take yi. Karen da nauyinsa ya kai kilo 10, albasa giram 150, wato babba guda, ta isa ta taɓa jininsa. Kaɗan-kaɗan kullum kuma taruwa yake yi. Kyanwa ma ta fi kare rauni a nan.

Abin tausayin, ba nan take yake nunawa ba. Sai bayan kwana biyu ko uku ka ga ya kwanta lakwas, ya ƙi abinci, yana haki, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Sai ka ce sammu aka yi masa, ko maƙwabci ya sa masa guba. Ka cuci dabba, ka kuma ɗauki alhakin mutum!

Kai mai daka tafarnuwa kana ɗura wa karen farautarka wai maganin tsutsar ciki, wa ya ba ka wannan fatawar?

Kai ka ɗaure shi, kai ka hana shi nema, dare ya yi kana barci yana gadinka. Bai da bakin da zai ce cikinsa na ciwo. Duk mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Don Allah Hajiya, a ɗebar masa tuwo da ƙashin nama tun kafin a zuba miya. In kuma ya riga ya ci da yawa, kada a jira alama, a kai shi wurin likitan dabbobi yau. Mu ji tsoron Allah, a daina juye musu ragowar miya.