Kofin shiyya a Ailan bai mutu ba, sanin mai ci tun kafin wasa ne ya kori 'yan kallo

A watan Mayun 2024 an buga wasan ƙarshe na kofin ƙwallon Gaelic na shiyyar Leinster a filin Croke Park da ke Dublin, filin da ke ɗaukar mutum 82,300, amma waɗanda suka shiga kallo ba su wuce dubu 23 da 'yan kai ba. Shekara ɗaya kacal bayan nan, kofi ɗaya, fili ɗaya, sai ga mutum sama da dubu 65 sun yi cincirindo. Ba wata sabuwar talla aka yi ba fa. Abin da ya canja kawai shi ne Dublin ba ta cikin wasan, Meath ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, sannan Louth ta doke Meath ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1957. Ni dai a ganina duk amsar muhawarar da ake ta yi kan yadda za a farfaɗo da gasannin shiyya tana cikin waɗannan ranaku biyu.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙungiyar wasannin gargajiyar Ailan da ake kira GAA ce ke kula da shi, an kafa ta a 1884 a garin Thurles don kada wasannin gargajiyar Ailan su ɓace a ƙarƙashin mulkin Ingila. Ƙwallon Gaelic ana bugawa da hannu da ƙafa, mutum 15 kowane ɓangare, ka jefa a raga maki uku, ka tsallakar ta saman ƙarfe maki ɗaya. Shi kuma hurling kamar ƙwallon gora ne amma ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Babban abin shi ne ba a biyan 'yan wasa albashi, kuma ba a sayar da su, gundumar da ka fito ita kake bugawa, malamin makaranta ne ko manomi ko ma'aikacin banki, ranar Litinin zai koma bakin aikinsa. Gundumomi 32 ne, an kasa su shiyya huɗu, Ulster da Munster da Leinster da Connacht, kuma a da sai ka ci shiyyarka kafin ka yi mafarkin kofin ƙasa baki ɗaya.

To a nan matsalar take. Tunda ba a sayen ɗan wasa, yawan jama'a da kuɗin horaswa su ke magana. Dublin na da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, Leitrim kuwa dubu 35 ne. Dublin ta ɗauki kofin Leinster sau 14 a jere daga 2011 zuwa 2024, galibin wasannin kuma a Croke Park, wato a ƙofar gidanta. Don Allah wa zai kwashi 'ya'yansa ya sha mai, ya sayi tikiti, ya yi tafiyar awa biyu, don ya je ya ga an lallasa garinsu da tazarar maki goma sha? Har su magoya bayan Dublin ɗin sun gaji, suka riƙa ajiye kuɗinsu sai wasan kofin ƙasa. Haka Kerry ta yi wa ƙwallon Munster, kofi sama da 80, haka Kilkenny a hurling na Leinster, shida a jere daga 2020 zuwa 2025.

Sai kuma hukumar da kanta ta ƙara wa ciwon gishiri. Tun 2001 aka buɗe wa ƙwallon Gaelic abin da suke kira ƙofar baya, wato ko an cire ka a shiyya kana da damar dawowa neman kofin ƙasa. Niyyar mai kyau ce, ba daɗi yaro ya yi wata shida yana atisaye a cikin sanyi sannan minti 70 su ƙarar masa da shekara. Amma da aka zo 2023 aka kawo tsarin rukuni, ƙungiyoyi 16, a buga wasa 24 don a cire huɗu kacal, sai rashin nasara a shiyya ya zama ba komai ba, koci ma yana iya hutar da manyan 'yan wasansa. Ɗan kallo ba wawa ba ne, in ya ga masu wasan ba su ɗauki abin da zafi ba shi ma zai zauna a gida. Gara da suka amince a soke rukunonin nan daga 2026.

Wasu na cewa a rushe gasar shiyya kawai a huta, a koma tsarin lig. An ma kai irin wannan shawara gaban babban taron GAA a 2021, ta samu ƙuri'a kaɗan sama da rabi amma ba ta kai kashi 60 da ake buƙata ba. Ni ban goyi bayansu ba ko kaɗan, kuma hujjata hurling na Munster. Tun 2018, in ban da shekarun korona na 2020 da 2021, gundumomi biyar ne, Cork da Tipperary da Limerick da Clare da Waterford, kowa ya kara da kowa, wasa biyu a gida biyu a waje, uku su wuce biyu su koma gida tun kafin bazara ta yi nisa. Kowane wasa akwai abin da za a rasa, kuma a garinku ake bugawa, shi ya sa tikiti ke wahalar samu. Limerick ta ci shida a jere daga 2019 zuwa 2024 amma mutane ba su gudu ba, saboda da gumi take ci, har Cork ta karɓe a 2025 da bugun fenareti. Ƙwallon Ulster ma haka, wasan ƙarshe na 2023 da na 2024 duk sai da aka kai ga fenareti, na 2025 ya kai ƙarin lokaci, kuma Armagh ce ta sha kashi a duka ukun, abin tausayi wallahi. Je ka garin Clones, inda aka saba buga wasan ƙarshe na Ulster, a ranar wasan ka ce musu kofin shiyya ba shi da daraja ka ji abin da za su gaya maka.

Kuma fa yawancin gundumomin nan ba za su taɓa ɗaga kofin Sam Maguire, wato kofin ƙwallo na ƙasa baki ɗaya, ba a rayuwar masu kallon yanzu, kofin shiyya shi ne iyakar burinsu. A rana ɗaya cikin Nuwamban 2020 Tipperary ta ci ƙwallon Munster karon farko tun 1935, Cavan ta ci Ulster, duk a fili ba kowa saboda korona, amma mutanen can har yau zancen suke. In ka ɗauke musu wannan me ka bar musu?

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne. A fitar da wasannin farko daga Croke Park a kai su ƙananan garuruwa, babbar ƙungiya ta je ta samu ƙaramar a gidanta, domin mutum dubu 15 a matsattsen fili sun fi dubu 25 a filin da kujeru ke kallon juna, kuma ba a banza ba ne a garin Portlaoise, ba a Croke Park ba, Meath ta kayar da Dublin. A sa wa wanda ya ci shiyya lada na gaske a gasar ƙasa, wanda ya faɗi kuma ya ji a jikinsa. A ba wasannin sarari, don tun da aka matso da wasan ƙarshe na ƙasa zuwa Yuli a 2022 komai ya cushe, mako bayan mako, aljihun magidanci ba zai iya ba. Sannan batun sa manyan wasanni a GAAGO, da yanzu ya koma GAA+, inda sai ka biya ta intanet, tsohon da ya yi shekara hamsin yana share filin unguwarsu kyauta bai cancanci a rufe masa ƙofa ba, yaron da bai gani a talabijin ba kuma ina zai samu sha'awar? Sabbin dokokin 2025 na kwamitin Jim Gavin, tsohon kocin Dublin, maki biyu ga bugun da aka yi daga bayan layin mita 40 da tilasta barin mutum uku a gaba, sun taimaka sosai wajen kashe wasan tsare gida mai sa barci, amma doka ba za ta rage ratar da ke tsakanin Dublin da ƙaramar gunduma irin Carlow ba, wannan sai an karkata kuɗin horar da yara zuwa ƙananan gundumomi na tsawon shekaru.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne labarin kofin Railway, gasar da shiyyoyin huɗu ke zaɓo gwanayensu su kara da juna. An fara ta a 1927, a shekarun 1950 mutum sama da dubu 40 ke zuwa kallon wasan ƙarshe ranar bikin St Patrick, babban bikin ƙasar Ailan. Aka yi ta ɗage mata rana, ana sauya mata fili, har ta koma 'yan ɗaruruwa ke zuwa, kuma tun 2016 ba a sake buga ta ba. Gasar hurling ta Ulster ma rabon da a yi ta tun 2017. Duka biyun sakaci ne ya cinye su a hankali, kuma ƙwallon Leinster ta kama wannan hanyar kafin Meath da Louth su ceto ta, don haka kada shugabannin GAA su ɗauki cikar filin 2025 a matsayin an gama gyara.