Takarda ɗaya ta ishi saniya daga Damagaram zuwa Maigatari

Wanda ya san karar Maigatari ranar Alhamis ya san shanu da yawa da ake lodawa tirela zuwa Kudu daga Nijar suka shigo. Saniya ɗaya ce, amma hukuma biyu ke duba ta, kuma ba lallai hatimin wancan ɓangare ya gamsar da na wannan ba. Falke ya biya can, ya zo nan a sake tsayar da shi, shanu na tsaye a rana suna zubar da ƙiba. Gobe sai ya bi ɓarauniyar hanya, inda babu malamin dabbobi ko ɗaya.

To ta nan cuta ke shigowa. Ciwon huhun shanu yakan yi makonni, wani lokaci watanni, a jiki bai nuna ba. Bijimi zai wuce shinge yana sheƙi, sai ya shiga garke a Gumel ko Sule Tankarkar tari ya tashi. Duban ido a bakin iyaka ba ya kama wannan. Abin da ke kama shi tarihin rigakafi ne: yaushe aka yi allurar, wa ya yi, an riƙe ta cikin ƙanƙara ko ta sha zafi a bayan babur? Sai an yi kamar mako biyu zuwa uku kafin ta fara kare dabba, saboda haka wadda aka tsira jiya don a sami takarda yau aikin banza ce. Ga shi kariyarta ba ta wuce shekara.

Tun 1998 ECOWAS ta fito da takardar makiyaya masu ƙetare iyaka, mai ɗauke da yawan dabbobi, rigakafinsu da hanyar da za su bi. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Amma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, ba da ECOWAS ta dogara ba.

A ganina a wannan hukumar ya kamata a zauna. Malaman dabbobi na Jigawa da na Damagaram su yi rigakafi a wata ɗaya, kafin garkuna su fara gangarowa kudu bayan kaka. Takardar ta zama iri ɗaya, da Hausa a jikinta, don Faransanci da Turanci ne ke ba mai shinge ƙofar cewa bai gane ba. Kuɗin kai ɗaya a rubuta shi a allo, da naira da sefa, a ba da rasit. Idan cuta ta ɓulla a Dungas ta Nijar, wayar ta iso Maigatari kafin Alhamis.