Yaran nan ba a WAEC suka faɗi ba

Duk shekara da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai Facebook ya kaure da kuka: yara sun faɗi Turanci, sun faɗi lissafi, waya ta lalata su. Ni a ganina kukan nan ya zo a makare. Yaron da ya faɗi a ajin ƙarshe na sakandare, tun yana aji uku na firamare ya faɗi, ba a dai duba ba ne.

A makarantun gwamnati na Najeriya, ko yaro ya iya haɗa baƙi ko bai iya ba, zangon ƙarshe na cika za a tura shi gaba, domin wasu na jiran wurin zamansa. Haka zai yi ta hawa aji yana kwafar allo kamar mai zane, bai san abin da yake rubutawa ba.

A takarda kuwa komai tsaf. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. Ta ware wa UBEC, hukumar da ke kula da wannan karatu, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Jihohi da dama sun sha barin kuɗin nan jibge, alhali yara na zaune a ƙasa.

Sai malamai. A 2017 Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa. An yi ta cece-kuce kan korarsu, amma wa ya ɗauke su aikin tun farko? Kuma shekara da shekaru kwalejojin ilimi na cikin waɗanda aka yi ta sa wa mafi ƙarancin makin JAMB. Wanda jami'a ta ƙi, shi muke miƙa wa alli, sannan mu riƙe masa albashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yaron ke ɗauka shi ne daƙiƙi. Sai ya koma bayan aji ya yi shiru, ya daina tambaya don gudun dariya. Wani ya gudu kasuwa, wata a cire ta a ce ba ta da kai. Wanda ya daure ya kai ƙarshe, satar amsa ce ta rage masa, wani lokaci ma iyaye ke biyan kuɗin. Ya fito da takarda mai kiredit biyar, wasiƙar neman aiki ta gagare shi.

Kafin wani gwamna ya sake yanka kintinkiri a gaban sabon gini, a gwada kowane ɗan aji uku da sakin layi ɗaya cikin harshen da yake ji, a wallafa sakamakon kowace ƙaramar hukuma mu gani.